Baƙon Wa Ne Bayan An Tashi Daga Sujada?

Akwai wata al'ada da kusan duk majami'unmu na arewa suka yi tarayya a kanta, ko ECWA ce, ko COCIN, ko HEKAN, ko Baptis. Da an gama sanarwa, magatakarda zai ɗaga kai daga takardarsa ya ce, "Ko muna da baƙi a cikinmu yau? Ku miƙe mu gan ku." Sai mutum uku ko huɗu su tashi a hankali, wani yana gyara riga, wata tana gyara goyo. A miƙa musu abin magana. Kowa ya faɗi sunansa da ikilisiyar da ya fito, ya ce 'yan'uwa na can suna gaisuwa, jama'a su haɗa baki su ce, "Muna amsawa." Mawaƙa su tayar da waƙar maraba, a tafa, na kusa su miƙo hannu. A wasu wuraren har a ba su 'yar takarda su rubuta suna da lambar waya. Daga nan sai a ce su zauna, a shiga karɓar baiko.

Ba ni da faɗa da wannan al'ada. Abin da nake ja a kai shi ne yadda muka mai da ita dukan saukar baƙo, kamar da tafin nan mun sauke nauyin da ke kanmu. A ganina baƙo bai sauka ba tukuna sai an sami mutum guda, sananne, wanda in aka ce "baƙon wa ne wannan?" zai amsa "nawa ne." Muddin babu wannan mutum, kowa zai zaci wani ya riga ya kula da shi, har ya kai bakin ƙofa ya hau acaɓa.

Ku tsaya wata Lahadi ku kalli filin majami'a da an yi addu'ar rufewa. Dattawa sun shige ofishin fasto ƙirgar baiko. Zumuntar Mata sun ja gefe a kan maganar ankon bikin wance. Matasa suna naɗe wayoyin kayan kiɗa. 'Yan ƙabila kaza sun ɗauki benci sun nufi gindin bishiya za su yi taron wata da yarensu. Kowa yana da wurin zuwa, kowa yana da mai jiransa. Shi kuwa wanda aka tafa wa ɗazu yana tsaye jikin bango yana latsa waya, ba don wani ya kira shi ba, sai don kada a ga ba shi da abokin magana. Takardar da ya cike tana durowar magatakarda tare da 'yan'uwanta na watannin baya. A ƙarshen shekara za a karanta rahoto: yawan masu sujada, yawan baiko da zakka, waɗanda aka yi wa baftisma, aure nawa aka ɗaura. Layin da ba ya cikin rahoton shi ne baƙi nawa suka zo, nawa suka dawo, waɗanda ba su dawo ba kuma ina suka nufa.

Mu fara da tambayar su wane ne ma baƙin nan. A da, baƙo a majami'ar ƙauye yawanci ɗan'uwan wani ne da ya zo biki ko jana'iza, da mai masaukinsa a gefe, jibi ya koma gida. Irin wannan baƙo waƙa ta ishe shi, kuma ina jin don shi aka tsara al'adar tun asali. Baƙon yau daban ne. Ɗan bautar ƙasa ne da aka jefo daga Kalaba ko Enugu, bai iya ko "ina kwana" ba. Ɗalibar shekarar farko ce a Samaru ko Bauchi, karon farko ke nan da ta kwana nesa da uwarta. Ɗan sanda ne ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, iyalinsa na can wata jiha. Amarya ce da aka kawo garin miji. Ko kuma iyali ne da aka ƙone musu gida, sun zo da kayan jikinsu kawai. Duk waɗannan ba ziyara suka zo ba. Zama suka zo yi, kuma abin da suke nema ranar Lahadi shi ne wanda za su iya bugawa ranar Talata.

A wata ikilisiya da na taɓa zama, an turo wata ma'aikaciyar jinya aiki garin. Ta miƙe ranar farko, an tafa mata. Ta riƙa zuwa kowace Lahadi, tana zama bencin da ke bayan Zumuntar Mata, tana ba da baikonta, tana fita. Sai aka daina ganinta, ba wanda ya tambaya. Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Hajiyar da take haya a gidanta ce ta ji shiru, ta sa aka buɗe ƙofa, ta kai ta asibiti, ta riƙa dama mata kunu, ta nemo lambar iyayenta ta sanar da su. Sai da ta fara takawa labari ya isa majami'a. Da wani dattijo ya je dubiya da 'yan lemu a leda, Hajiya ta yi masa shimfiɗa, suka gaisa, sannan ta ce, "Ashe tana da mutane a garin nan?" Ba da gatse ta faɗa ba. Tambaya ce ta tsakani da Allah, shi ya sa ta fi zafi.

Kada a ce ba mu iya karɓar mutane ba. Mun iya, in abu ya kai ga tashin hankali. A watan Oktoba na 2014, da Boko Haram ta ci Mubi ta kuma mamaye hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi, mutane sun watsu zuwa Yola, da Jos, da Abuja, da Kamaru. Shugabancin EYN kansa sai da ya koma Jos na wani lokaci. Iyalai sun sauki mutanen da ba su taɓa gani ba, an kwana a falo, an kwana a azuzuwan makarantar Lahadi. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, daga baya kuma aka gina wa waɗanda ba su iya komawa ba gidaje a Sangere-Marghi, har da masallaci don Musulmin da ke cikinsu. Wannan abin a yaba ne. Amma buhun masara da tabarma na lokacin gudu abu ɗaya ne, zama ɗan gida abu ne dabam. Shekaru sun wuce, akwai majami'un da har yau ake ce wa waɗannan iyalai "'yan gudun hijiranmu." Ana tuna su ranar rabon kaya, ba a tuna su ranar zaɓen dattawa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana dattijo a Gwoza ko Michika, ya san Littafi, ya san sasanta rigimar aure, yana zaune a bencin baya ba wanda ya taɓa ce masa ko addu'ar buɗewa ya yi.

Nan ne zan taɓo inda ke yi mana ciwo, wato ƙabila. Tarihi ne ya shimfiɗa mana wannan. Masu mishan sun raba ƙasa tsakaninsu. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta fara da zuwan Gowans, da Kent, da Bingham a 1893, ita ce ta haifi ECWA a 1954, ta yi ƙarfi a wurare irin su kudancin Kaduna da ƙasar Tangale. Wata ƙungiyar mishan, SUM, ta sauka Wase a 1904, daga rassanta aka sami COCIN a Filato, da LCCN a Numan, da sauransu. 'Yan mishan na Brethren suka yi sujadarsu ta farko a Garkida a 1923 a gindin tsamiya, daga nan EYN ta bazu cikin Bura, da Marghi, da Kamwe, da Kilba. Saboda haka tun farko kowace ɗarika tana da ƙabilun da suka fi yawa a cikinta. Abin da ya ɗinke mu shi ne Hausa. Tun da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Ngas da Bajju da Bachama suka iya zama benci ɗaya, su rera waƙa ɗaya, su ji wa'azi ɗaya. Ba ƙaramar kyauta ba ce. Amma da muka dawo birane, sai kowace majami'a ta zama tana da "masu ita." Ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san ƙabilar da ke fitar da dattawa, da wadda ke riƙe da ma'aji, da yaren da ake juyawa a koma in an zo maganar da ba a son kowa ya ji.

Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa baƙo a waje ita ce, "Kai mutumin ina ne?" In ya ambaci garin da ya dace, nan take an samo masa kawu da inna, an gaya masa ranar taron 'yan gida, an ba shi lambar wanda zai nema masa ɗaki. In kuwa bai dace ba, sai a ce "Allah sarki, sannu da zuwa," a juya. To, ga shi a fili: mun san yadda ake bin baƙo. Ƙungiyoyin ƙabila sun ƙware a kai, suna da littafi, suna da kuɗin wata, suna zuwa asibiti, suna kai gawa gida. Abin da ikilisiya ta kasa yi wa kowa, ƙabila tana yi wa nata ba fashi. Ba ina cewa a rushe su ba, suna rufa wa mutane asiri. Ina cewa abin kunya ne a ce jini ya fi baftisma saurin nemo wa mutum ɗaki.

Wanda ya fi shan wannan, abin mamaki, shi ne Bahaushe ko Bafulatani Kirista. Ana sujada da harshensa, amma in ya ce daga Kano ko Katsina ya fito, sai ka ga an sake dubansa. "Bahaushe, kuma Kirista?" Kamar ba a taɓa jin Wusasa ba, can kusa da Zariya, inda jama'ar Likita Miller, ɗan mishan na ƙungiyar CMS, suka zauna tun kusan shekara ɗari, kamar ba a san ikilisiyoyin da ke ƙauyukan Kano da Katsina ba, kamar babu Tarayyar Masihiyawa, ƙungiyar Hausawa da Fulani Kirista. A gida ana ce masa ya bar dangi, a majami'a ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri.

Ikilisiyar farko ma ta gamu da wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri, duk ɗaya muke ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, kuma in ka duba sunayen, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, duk sunayen Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi aka ba ludayin. Majami'a nawa ce a cikinmu za ta yarda ta ba 'yan tsiraru mabuɗin sito?

Maganar aljihu ba sai na daɗe a kanta ba, Yakubu ya gama ta a sura 2 ta wasiƙarsa, inda ya kwatanta mai zoben zinariya da matalauci mai tsumma. Baƙon da ya zo da babbar mota ba ya buƙatar wani tsari. Kafin ya kai ƙofa an karɓi lambarsa, kafin wata ya ƙare fasto ya san gidansa, kafin shekara shi ne babban baƙo a gidauniyar gini. Duk abin da nake faɗa a nan don wanda ya zo da ƙafa ne.

Akwai hujja guda da ba zan raina ba, ita ce tsoro. Wanda ya ga abin da ya faru a majami'ar St. Theresa ta Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da motar da ta fashe a hedikwatar COCIN a Jos a Fabrairun 2012, da harin da aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, ba za ka ce masa ya daina duban baƙuwar fuska ba. Tun daga lokacin muka kafa shingaye, muka sayi na'urar laluben jiki, aka hana mata shiga da manyan jakunkuna, 'yan Boys' Brigade, ƙungiyar samarin majami'a, suka koma masu gadin ƙofa. Yaran da suka tashi a wannan zamani sun koyi cewa wanda ba ka sani ba abin a sa wa ido ne. Ban ce a cire shinge ba. Amma a lura da abu ɗaya: kau da kai daga baƙo ba ya ƙara wa kowa tsaro. Mutumin da ya yi wata uku yana shiga yana fita ba wanda ya san inda yake kwana, in mugu ne, ai mun ba shi abin da yake so. In kuwa wani ya zauna da shi, ya san sana'arsa, ya taka har ƙofar gidansa, to ko ta fuskar tsaron ma an fi samun kwanciyar rai. Da Shawulu, wanda daga baya aka sani da Manzo Bulus, ya iso Urushalima bayan tubansa, almajirai duk suna tsoronsa, kuma suna da dalili, don da saninsa aka jefe Istifanas. Ba taron dattawa ne ya warware ba. Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, ya ba da labarinsa, ya tsaya masa. Da abin ya ɓaci, sunan Barnaba ne zai ɓaci.

Wannan tsayawar ita nake so mu mai da aiki, kuma ba sai mun je wata ƙasa neman tsari ba. Fataken goro da na shanu sun daɗe da shi. Daga Salaga zuwa zangon Kumasi zuwa Sabo ta Ibadan, baƙo ba ya sauka a kan gari, yana sauka ne a hannun maigida. Maigidan shi zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da bashi, in rigima ta taso shi ake nema. Ba a bar abin ga kirkin jama'a ba, an ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, shi ya sa Bahaushe ke iya tafiyar wata guda zuwa garin da bai san kowa ba ya kwana a ɗaki. To, haka nake so kowane baƙon majami'a ya sami mai masauki tun ranar farko. Ba kwamiti ba. Kwamitin maraba mun sha kafawa, ya yi taro biyu, ya nemi kasafi, ya mutu. Mutum ɗaya ko gida ɗaya, wanda ke zaune kusa da unguwar baƙon, mace ga mace, saurayi ga saurayi, kuma in da hali kada ya zama ɗan ƙabilarsa, don na ƙabila za su same shi da kansu.

Aikin mai masauki ba wa'azi ba ne. Ya raka shi bakin hanya ranar farko. Ya kira shi a tsakiyar mako. Ya gaya masa wace rijiya ce ruwanta ke shawuwa, wane kemis ne ba ya sayar da jabu, wace unguwa ce ba a bi da dare in gari ya ɗau zafi, wace makaranta ce za ta karɓi yaro a tsakiyar zango. Ya kira shi cin tuwo ko sau ɗaya. In Lahadi biyu ta wuce bai gan shi ba, ya je ya duba. Ya kuma gano abin da mutumin ya iya, ya kai wa dattawa, don ba wanda ke zama ɗan gida sai ranar da aka aike shi. Bayan 'yan watanni aikin ya ƙare da kansa, don baƙon ya riga ya yi abokai. Zumunta a ƙafa take, kuma maganar gaskiya Zumuntar Mata sun fi kowa sanin haka: su ne ke zuwa barka, su ne ke kwana gidan makoki. Sai dai su ma ziyararsu ta fi bin wadda ta riga ta ɗinka zanen ƙungiya.

Za a ce rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hana mutane ko ziyarar danginsu. Gaskiya ne, shi ya sa na ce a bi unguwa, a ba mutum baƙon da zai iya takawa zuwa wurinsa. Za a ce akwai 'yan damfara masu yawo majami'a zuwa majami'a da labarin an sace musu kuɗin mota. Akwai su. Maganinsu shi ne taimakon kuɗi ya bi ta hannun dattawa, kada a bar mai masauki da aljihunsa. Mai damfara ba ya son a san gidansa, da ka ce za ka raka shi zai ɓace.

Yanzu bari in juya ga ɗaya gefen, don akwai bibiyar da gara a bar ta. Wasu majami'u, musamman sababbin na birni, sun mai da lambar wayar baƙo abin farauta. Ka je bikin abokinka, ka cike takarda don kunya, washegari an jefa ka zauren WhatsApp ba a tambaye ka ba, saƙo na shigowa safe da yamma, ana kira ana tambayar me ya hana ka zuwa taron dare. Ko ka ce kana da ikilisiyarka, sai a ce ai a nan ne ake ganin ikon Allah. Wannan ba saukar baƙo ba ce, satar tumaki ce. Lambar da mutum ya bayar amana ce, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, ko da yake bai kamata sai doka ta koya wa ikilisiya riƙon amana ba. Haka nan maƙwabcinmu Musulmi da ya zo taya mu murnar aure ko ya zo jana'iza, ya zo ne don mutunci. A gode masa, a ba shi wuri mai kyau, a raka shi. Bin sa gida da takardun wa'azi don ya taka ƙofarmu sau ɗaya cin fuska ne, kuma gobe ba zai sake zuwa ba.

Sannan akwai masu saurin miƙa ambulan. Mutum bai san sunan fasto ba tukuna, an rubuta shi a rukunin da zai kawo buhun siminti. Wanda ya ga an fi ɗokin sa hannunsa a katin zakka fiye da sanin inda yake kwana, ya gane matsayinsa, ba sai an faɗa masa ba.

Ita kanta miƙewa tsayen ya kamata a sassauta ta. Ba kowane baƙo ne ke son a gan shi ba. Akwai yarinyar da ta yi ciki a gida, aka sa ta ƙarƙashin horo, kunya ta kore ta zuwa birni, bayan shekara biyu ta yi ƙarfin hali ta shigo ta zauna a baya. Ka ce ta tashi ta faɗi ikilisiyar da ta fito, a cikin jama'ar da ba a rasa ɗan garinsu, ka kore ta karo na biyu. Akwai wanda ya fito daga gidan da ba na Kirista ba, ya zo ne a ɓoye yana neman ya ji da kunnensa. A ɗora masa abin magana, wani yaro ya ɗauki hoto ya sa a Facebook da "mun gode Allah don sabon rai," kafin ya isa gida labari ya riga shi. Mu mun samu abin ba da shaida, shi ya rasa wurin kwana, wani lokaci fiye da haka. Sau da yawa masu nuna wurin zama sukan zo kan mutum su tsaya, "Ɗan'uwa, ai kai baƙo ne, tashi mana." A daina. A ce wanda ya so ya miƙe, wanda bai so ba akwai dattijo da uwa guda a ƙofa da zai iya gani bayan sujada, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Masu ƙofar nan su ne ya kamata a zaɓa da kyau, masu sakin fuska da riƙe baki, ba wanda ya rasa abin yi ba.

Ba a birni kaɗai nauyin yake ba. Ikilisiyar da mutum ya baro tana da nata. Muna da takardar ƙaura, amma yawanci ba a tuna ta sai mutum zai yi aure ko yana so ya ci jibin Ubangiji, sai a ce ya koma gida ya kawo shaida. Ta zama takardar bincike. Kowace shekara ƙauyukanmu suna sallamar yara zuwa jami'a, da aikin soja, da neman kuɗi a Mararaba da Legas, a yi musu addu'a a gaban bagade, shi ke nan. Da yawa cikinsu ba su yanke shawarar barin sujada ba. Lahadin farko ba su san hanya ba, ta biyu sun je ba wanda ya kula, ta uku suka yi wanki. Alhali Baba Fasto na ƙauye ya san wani fasto a garin da yaron zai je, watakila ma aji ɗaya suka zauna a makarantar koyon aikin fasto ta Kagoro, ko Gindiri, ko Bukuru, ko Kwarhi, kuma lambarsa na cikin wayarsa. Abin da ake nema shi ne ya buga kafin yaron ya hau mota, ya ce, "Ga ɗana nan zuwa ranar Alhamis, sunansa wane, a tashar kaza zai sauka, ka sa wani ya tare shi."